A Tambayi 'Yan Mata Dalilin Murnarsu Da Ƙarshen Labarin Sumayya

Wajen shekarar 1990 ne Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da littafinsa In Da So Da Ƙauna a Kano, kashi-kashi, bisa al'adar littattafan soyayya na wancan zamani. Tun daga lokacin littafin yake yawo hannu zuwa hannu, daga Kano har ƙananan garuruwa irin su Salka ta ƙaramar hukumar Magama a masarautar Kontagora, har unguwannin 'yan Arewa irin su Agege da Idi-Araba a Ikko da Sabo ta Badun.

Labarin sananne ne. Sumayya 'yar masu hali ta kamu da son Muhammad, ɗan talaka, amma aka matsa mata ta auri Abdulƙadir saboda dukiyarsa. Da ta ga babu mafita sai ta faɗa rijiya, Allah Ya yi da sauran kwananta. A ƙarshe asirin dukiyar Abdulƙadir ya tonu, masoyan biyu suka yi aure.

Wannan ƙarshe ya raba kan masu karatu. 'Yan mata sun yi murna da shi matuƙa, dattawa kuwa suka zargi littafin da koya wa yara bijire wa iyaye, har da faɗawa rijiya. Zargin bai kwanta ba, domin a shekarar 2007 an ƙona irin waɗannan littattafai a bainar jama'a a Kano, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau.

To, amma ya kamata a yi adalci. Yarinyar da ta rufe littafin tana hawayen farin ciki tana murna ne da ganin an saurari mace sau ɗaya, ko da a takarda ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da babu auren tilas a gidaje, da labarin Sumayya bai sami kasuwa ba. Tun kafin haka Hafsat Abdulwaheed ta taɓo batun zaɓin miji a So Aljannar Duniya a 1980, Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka aurar tana ƙarama, ta biyo da Wa Zai Auri Jahila? Ba Gidan Dabino ne ya ƙago ciwon ba.

Duk da haka dattawa suna da gaskiya ta wani fanni: rijiya ba hanya ba ce. Marubuci yana iya tsamo tauraruwarsa da rai, amma a zahiri wadda ta faɗa ba kasafai take fitowa ba.

Maganar ta fi shafar magidantan da neman abinci ya kai Kudu. Mutumin Salka da ke sana'a a Ikko yakan yi wata da watanni bai ga 'yarsa ba, sa'an nan ya yanke zancen aurenta ta wayar tarho, bisa shawarar dangi da girman aljihun manemi, ba tare da ya ji ta bakinta ba. Irin wannan uba, idan ya je gida ya tarar da littafin a ƙarƙashin matashin 'yarsa, kada ya jefa shi wuta. Ya zaunar da ita, ya tambaye ta abin da ya burge ta a ƙarshen labarin. Amsarta za ta gaya masa abin da kunya ta hana ta faɗa masa.

Allah Ya ba iyaye basira, Ya kuma shiryi zuriya.