Waƙoƙin Turanci: tsaka mai wuya ga ɗaliban Kebbe

Ga ɗalibin sakandare a Kebbe ko Tambuwal, a kudancin jihar Sakkwato, darasin adabin Turanci ba ƙaramin al'amari ba ne, domin galibin jami'o'in Najeriya ba sa ɗaukar mai neman karatun lauya sai ya ci wannan darasi.

A manhajar hukumar WAEC ta 2021 zuwa 2025, an buƙaci ɗalibai su nazarci waƙoƙi 12, shida na mawaƙan Afirka irin su Niyi Osundare, shida kuma na wasu nahiyoyi, ciki har da John Donne na Ingila.

Sai dai nazarin waƙa ba baƙon abu ba ne a ƙasar da Nana Asma'u ta ilmantar da mata ta hanyar waƙoƙi. Hasali ma a darasin Hausa ana koyar da jigo da salo.

Matsalar dai ta harshe ce. Ɗalibin da Turancinsa bai nuna ba yakan haddace jigogi daga littattafan taƙaitawa, alhali jarrabawar na neman ya kafa hujja da baitocin waƙar.

Abin jira a gani shi ne ko malamai za su soma daga jigon waƙar Hausa kafin su tsunduma cikin ta Turanci.