Masu sayar da kaya a intanet, baƙar leda ba kwali ba ce

1/ Masu kasuwanci a WhatsApp da Instagram, ku zo mu yi magana. Don Allah me ya sa kuke cusa kwalbar humra cikin baƙar leda ku miƙa wa direba?

2/ Kaya daga Kano zuwa Gummi sai sun bi Funtuwa, Tsafe, Gusau, Anka da Ɗaki Takwas. A Gusau a canza musu mota, wani lokacin a danne su da buhun masara. Wace leda za ta jure wannan?

3/ Daga kuɗin abincina na makaranta na yi odar humra da atamfa. Kwalba ta iso a fashe, atamfa ta ɓaci. Mai kaya ta ce laifin direba ne. Direba ya ce ba a gaya mai akwai kwalba ba.

4/ Hajiya, ke kika ɗaure kayan. Kwali da salatif nawa ne? Rubuta "mai fashewa" kuma kyauta ne.

5/ Dokar kare masu saye ta 2018 ta ba mu damar mayar da kayan da suka zo a lalace, kuma FCCPC na karɓar ƙorafi.

6/ 'Yan Adabka, kafin kaya su tafi tasha, ku ce a turo bidiyon ɗaurinsu. Wanda ya ƙi, kar ku sake saye wurinshi.