Kyamarar wayarka lafiyarta lau, haske ne babu

Sau da yawa ana kawo min waya shago a nan Yelwa, wai kyamara ta lalace. In na duba, ba abin da ya same ta. Ɗakin da ake ɗaukar hoton ne ba haske.

Kai mai tallan atamfa ko busasshen kifi a WhatsApp, da kai mai shirin buɗe ɗan situdiyo a gida, kar ka fara da babbar fitilar da sai an jona a soket. Muna bakin ruwan Kainji, amma ka san halin wutarmu. Kwastoma ba zai zauna jiran a kawo ba.

Nemi fitilar LED mai caji guda biyu, farare, wajen 5500K, wato kalar hasken rana. Kar ka haɗa fara da ruwan ɗorawa, sai atamfa ta fito wata kala, a dawo maka da kaya. Ɗaya a gefe, sama kaɗan, ka rataya farin yadi a gabanta hasken ya yi laushi. Ɗayar ta haska bango. Farin kwali a ɗaya gefen zai rage inuwa.

Gwada wannan tukuna, kafin ka ci bashin sabuwar waya.