Rubuta makonka, amma ka bar wa yaron asibiti sirrinsa



Kwanakin baya wata ƙanwarmu ta turo mini saƙo ta ce: "Anti, ina son rubutu kamar raina, amma ba ni da labari. Rayuwata daga gida sai makaranta, daga makaranta sai gida." Na tambaye ta to me take rubutawa yanzu. Ta ce labarin wani matashin attajiri ne da ya dawo daga Dubai da jirgin kansa. Na ce ta taɓa shiga jirgi? Ta turo mini alamar dariya. Na ce a-daidaita-sahu fa? Ta ce kullum sau biyu. Na ce to ƙanwata, labarinki yana nan zaune a bayan a-daidaita, ke kuma kin tafi filin jirgi kina jiran sa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin kwantar da yara, a nan Kano. Ina da wani ƙaramin littafi mai bangon roba da nake rubuta abin da makona ya ƙunsa, kuma idan na buɗe shi abu huɗu ne ke ta maimaita kansu: gudun safe, tafiya, hutu, sai asibiti. Ra'ayina, wanda na daɗe a kansa, shi ne irin wannan rubutun na yau da gobe shi ne makarantar marubuci ta farko, kuma mun raina shi. Sai dai a cikin huɗun nan uku ne nawa ni kaɗai. Na huɗun ba nawa ba ne, kuma sai da na ji kunya kafin na gane haka.

Bari in fara da masu sauƙin. Ina fita gudu bayan sallar asuba sau uku a mako, da hijabi har gwiwa da takalmin kambas. Ranar da na fara, wani dattijo mai shayi ya miƙe tsaye da ludayi a hannu ya ce, "Hajiya lafiya? Me ya biyo ki?" Na ce motsa jiki nake, Baba. Ya duba bayana sosai, ya ga babu kare babu ɓarawo, ya zauna yana girgiza kai. Da a ce na rubuta "na fita motsa jiki na ji daɗi" da na zubar da Baba mai shayi da ludayinsa. Rubutun yau da gobe yana koya maka ka tsaya ka ga ludayin. Haka tafiyar sallah zuwa garinmu Malumfashi, ta hanyar Gwarzo da Dayi: kuɗin mota da ke tashi ranar jajibere, ragon wani da aka ɗaure a bayan but yana ta kuka, matar da ta ɗora mini ɗanta a cinya tun daga tasha ba ta ko tambaye ni ba, muka isa ni da shi mun zama 'yan uwa. Hutun kansa kuwa, duk macen da ta je gida sallah ta san ba hutu ba ne, canjin wurin aiki ne, daga kan allura zuwa kan suyar nama.

Wannan ba baƙon abu ba ne a adabinmu. Alhaji Abubakar Imam ya je Ingila a 1943, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, abin da idonsa ya gani kawai. Baba ta Karo kuwa, tsohuwa ce a ƙasar Zazzau da ta zauna ta ba Mary Smith labarin rayuwarta, aure da kishiya da suna da ƙawance, aka buga shi da Turanci a 1954, har yau masu nazarin rayuwar Hausawa suna komawa gare shi. Babu attajirin Dubai a ciki ko ɗaya.

To yanzu asibiti. A nan ne alƙalami ya fi ƙaiƙayi, don babu daren da zan yi aiki ban ga abin da ya isa littafi ba. Daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kan ganiyarsa, gado ɗaya yakan ɗauki yara biyu, wani lokaci uku. Za a kawo yaro yana jijjiga, tafin hannunsa fari fat saboda jini ya yi ƙasa, a shiga neman wanda zai ba da jini cikin dangi da ƙarfe biyun dare. Za ka ga ana neman jijiya a hannun jariri da fitilar waya saboda an ɗauke wuta. Akwai wani ɗan tef mai launi uku da muke zagaya wa damtsen yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar. Idan ya tsaya a ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, kuma uwar takan karanta amsar a fuskarki kafin ki buɗe baki. A 2023 mun ga mashaƙo a Kano, cutar da da yawa daga cikinmu a littafin makaranta kawai muka san ta. Duk wannan yana bukatar a rubuta shi, da Hausa, don mutanenmu su karanta. Ban taɓa cewa a yi shiru ba.

Ga abin da ya faru da ni. Shekarun baya an kwantar mana da wata yarinya mai ciwon sikila, tana cikin irin ciwon ƙashin nan da ke sa yaro ya kasa ko kuka sosai. Kwana shida muna tare. Tana da wayo, tana da surutu idan ciwon ya lafa, ta sa mini suna, na sa mata. Da aka sallame su sai zuciyata ta cika, na zauna na rubuta labarinta na sa a Facebook. Niyyata mai kyau ce, Allah ya sani: in ja hankalin masu shirin aure su yi gwajin jini, tunda idan AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS. Ban sa hotonta ba, ban faɗi sunanta ba. Na ɗauka na gama kiyayewa. Amma na faɗi shekarunta, na faɗi sana'ar mahaifinta, na ambaci gefen garin da suke, na kuma ce tagwaye ne, ɗan uwan haihuwarta ya rasu suna jarirai. Rubutun ya yi farin jini irin wanda ban taɓa samu ba. Ina ta jin daɗi, har wata ta rubuta a ƙasa: "Allah sarki, ai na gane su, maƙwabtanmu ne. Ashe abin da ke damun yarinyar ke nan."

Bayan mako biyu uwar ta zo ganin likita, ta neme ni. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Sista, ni fa 'yata na kawo miki, ban kawo miki labari ba." Ashe ko dangin mijinta ba kowa ya sani ba. Ashe akwai yayar yarinyar da ake maganar aurenta, kuma magana ta riga ta isa gidan su saurayin, ana ta tambaye-tambaye. Na goge rubutun a gabanta, amma duk mun san gogewa ba ta dawo da abin da aka riga aka ɗauki hotonsa aka tura. Na ba ta haƙuri, ta ce ta yafe. Har yau idan na tuna ranar sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne garuruwanmu ƙanana ne ko da suna da girma. A Kano mutum miliyoyi ne, amma ka faɗi unguwa da sana'ar uba da tagwaye, ka faɗi suna. Mu marubuta an koya mana cewa ƙananan bayanai su ne gishirin labari, kuma gaskiya ne, su ne ludayin Baba mai shayi. To waɗannan bayanan dai su ne ke tona asirin mara lafiya. Baba mai shayi ba abin da ya rasa don na rubuta shi. Yarinyar nan kuwa ba ta da bakin da za ta ce a'a, uwarta kuma ta buɗe mini cikinta ne don ina sanye da fararen kaya, ba don ina da shafi ba.

Na san abin da wasu za su ce, don an sha faɗa mini. Za su ce ai da hoto da cikakken labari ake tara wa marasa ƙarfi kuɗin magani, kuma mutanenmu ba sa buɗe aljihu sai sun ga fuska. Wannan magana ce mai nauyi, ba zan yi kamar ban ji ta ba. Na ga yaran da aka yi wa aiki da kuɗin da aka tara ta waya, suna nan da ransu. Amma a duba bambancin. Uban da ya zo da kansa ya ce a taimaka a sanar da jama'a halin da ɗansa ke ciki, ya san abin da ya bayar kuma ya san abin da yake nema. Wannan daban da ma'aikaci ko ɗan dubiya da ya zaro waya ya ɗauki yaro mai tamowa tsirara a kan sikeli, ya rubuta "rayuwa kenan" ya tafi yana ƙirga masu danna alamar kuka. Ko a na farkon ma ina da tambaya: uban da aka ce masa ko a sa hoto ko babu kuɗi, yardarsa yarda ce ko tilas? Kuma yaron nan zai girma. Intanet ba ta mantuwa. Wata rana ɗan shekara goma sha biyar zai ga kansa da kumburarren ciki a wayar abokan ajinsu.

Wani kuma zai ce to sai ka ce ƙage ne, ka canza suna shi ke nan. Canza suna shi ne mafi ƙarancin aiki, ni ma ai ban sa suna ba. Yanzu idan zan rubuta wani abu daga ɗakin yara, nakan bar shi ya kwana a littafina wata da watanni, har sai an sallami mutanen an manta da makon. Nakan cire duk abin da maƙwabci zai gane: unguwa, sana'a, yawan 'ya'ya, wani tabo ko wata lalura da ba kowa ke da ita ba. Wani lokaci nakan haɗa uwaye uku su zama uwa ɗaya, in kuma faɗa wa mai karatu cewa haka na yi, don kada in sayar masa da ƙage da sunan rahoto. Idan labarin ba zai tsaya ba sai da abin da zai tona mai shi, to nakan bar shi. Akwai labarai masu kyau ƙwarai a littafin nan da ba mai karanta su sai ni.

Abin mamaki, tun da na ɗaure wa kaina wannan takunkumi rubutuna ya ƙaru da ƙarfi. Da na daina jingina da hawayen yaron wani, dole na juyo da fitilar kaina. Me nake ji idan na soki jariri sau uku ban samu jijiya ba, kakarsa na tsaye a kaina tana salati? Yaya ake cin abinci da hannun da ya rufe idon yaro awa ɗaya da ta wuce? Me ya sa washegarin irin wannan daren nake ƙara zagaye ɗaya a gudun safe, har sai ƙirjina ya yi zafi? Wannan duk nawa ne, ina da ikon bayar da shi. Kuma aikin kansa yana da abin faɗa da zai amfani mai karatu ba tare da fuskar kowa ba: cewa maganin rigakafin zazzaɓin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar a kowane wata na damina, na kwana uku ne, kuma uwaye da yawa sukan ba da na ranar farko su ajiye sauran a kan taga, cewa ruwan gishiri da sukari da aka fara tun a gida yakan hana gudawa kai yaro ga ƙarin ruwa. Marubucin da ya iya saka irin wannan a cikin labari mai daɗi ya yi abin da takardar wayar da kai ba ta iya yi.

Ba ma'aikatan asibiti kaɗai nake wa magana ba. A cikinmu akwai malaman firamare da na islamiyya, akwai masu aikin kotu, akwai masu kitso da ake zuba wa sirrin gidaje ana tsaga. Kowannenku yana da nasa ɗakin yaran.

Ƙanwar tamu da na fara da ita na ba ta aiki: ta rubuta mini kwana bakwai na a-daidaita-sahu, shafi ɗaya kowace rana, ba attajiri ba jirgi. Ta turo na farko jiya. Direban ya tsaya a tsakiyar hanya ya sayi rake, ya miƙo wa fasinjoji gaɓa ɗai-ɗai saboda matarsa ta haihu da asuba. A ƙarshen shafin ta rubuta lambar da ke jikin mashin ɗin, wai don in yarda da gaske ne. Na ce ta goge lambar, ta bar raken.