Ƙasar da Muke Takawa Ba a Tsaye Take Ba

Masu iya magana kan ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Wannan ne ya sa nake son malamaina da 'yan'uwana ɗalibai mu dubi wani al'amari da galibinmu ke ɗauka na mutanen nesa ne, wato awon motsin ƙasa.

Masana sun tabbatar cewa ɓawon duniya ba guda ba ne, ɓangarori ne manya, kamar ƙwaryar da ta tsage, kuma kowanne yana tafiya a hankali. A mahaɗarsu ne girgizar ƙasa ta fi aukuwa. Yadda ake auna tafiyar kuwa shi ne, a kafe na'ura a kan dutse, ta riƙa karɓar saƙon taurarin ɗan'adam na GPS da ke nisan kimanin kilomita 20,000, a kwatanta matsayinta shekara da shekaru, har a gane gocewar milimita kaɗan. Ta haka aka ga cewa a Habasha gabashin Afirka yana rabuwa da sauran nahiyar da kimanin milimita 6 a shekara, kuma girgizar Japan ta 2011 ta gusar da wani gefen gaɓar teku fiye da mita 5.

Wani zai ce, mu da ke tsakiyar ɓangare, nesa da mahaɗa, ina ruwanmu? Mutumin Sara ruwan sha da taki ne damuwarsa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Da farko, ƙasa ta girgiza a Ijebu-Ode a 1984, da Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016, da Mpape ta Abuja a 2018, inda jama'a suka firgita, jita-jita ta yi yawa. Na biyu, ba a gane mai motsi sai an gwada shi da natsattse, don haka tashar da ke wuri irin namu ita ce ma'aunin abin da ke faruwa a mahaɗa. Na uku, irin wannan tasha ce masu safiyo ke dogara da ita wajen shata iyakokin gonaki da filaye, kuma kowa ya san abin da rikicin iyaka ke haifarwa.

Nijeriya tana da cibiyar wannan fanni a Toro ta Jihar Bauci, da tashoshi a wurare kamar Zariya da Birnin Kebbi. A ganina ya kamata a ƙara ɗaya a kudancin Jigawa, domin duwatsun Birnin Kudu da Fagam, waɗanda tushen tsofaffin duwatsu ne masu aman wuta, sun isa a kafe na'ura a kansu ba tare da ta goce ba. Sai dai kafawar ba ita ce aikin ba, kulawar ita ce, gama amfanin awon yana ga ɗorewarsa, shekarar da aka tsallake kuwa ba ta dawowa.

Saboda haka ina kira ga hukuma da jami'o'inmu su tashi tun ƙasa tana lafiya, domin ba a fafa gora ranar tafiya. Allah ya kiyashe mu.