Darasin IReV: Me ya sa manhajoji ke durƙushewa a ranar da aka fi buƙatarsu?

Yayin da hankali ke komawa kan zaɓen 2027, tambayar da ta fi yawo ita ce ko hukumar INEC za ta ɗora sakamako a intanet kai tsaye daga rumfunan zaɓe. Sai dai akwai tambayar da ta riga wannan: wane nauyi manhajar za ta iya ɗauka, kuma wa ya gwada ya tabbatar?

Masu haɗa manhaja kan raba buƙatun aiki gida biyu. Kashi na farko shi ne abin da manhajar za ta yi, kamar karɓar hoton takardar sakamako ta nuna wa jama'a. Kashi na biyu shi ne ingancin aikin: mutum nawa za su iya amfani da ita a lokaci guda, daƙiƙa nawa za ta ɗauka kafin ta amsa, yaya tsaronta yake, kuma minti nawa za ta yi kafin ta farfaɗo idan ta faɗi. Na farko ana ganinsa a fuskar waya ranar baje koli. Na biyu ba ya bayyana sai ranar cunkoso, shi ya sa ake yawan mantawa da shi a takardar kwangila.

Shafin IReV ya fara aiki ne a 2020, an kuma yi amfani da shi a zaɓukan gwamna na Edo, Ondo, Anambra, Ekiti da Osun. Amma a ranar 25 ga Fabrairun 2023, da rumfuna sama da 176,000 suka kammala ƙirga, sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya ƙi hawa. Washegari INEC ta ɗora alhakin a kan matsalar faɗaɗa shafin daga zaɓen jiha guda zuwa na ƙasa baki ɗaya.

A rahoton da ta fitar a 2024, hukumar ta ƙara bayani: manhajar na jera sakamako ne jiha-jiha, shi kuwa zaɓen shugaban ƙasa mazaɓarsa ƙasar ce gaba ɗaya, sai ta rasa inda za ta ajiye shi. An gyara, amma takardar farko ba ta hau ba sai wajen ƙarfe tara na dare. Kuskure irin wannan atisaye na cikakken zaɓe ne ke tono shi. Gwajin da aka yi a bainar jama'a makonni uku kafin zaɓen, a rumfuna 436 aka yi shi. Daga bisani Kotun Ƙoli ta ce gazawar shafin ba ta soke zaɓe ba, amma amanar da jama'a suka ba shi ta riga ta tsage.

Matsalar ba ta Najeriya ba ce kaɗai. A ranar 1 ga Oktoban 2013, gwamnatin Obama ta buɗe shafin inshorar lafiya na HealthCare.gov a Amurka. An yi hasashen mutum 50,000 zuwa 60,000 za su shiga a lokaci guda, sai kimanin 250,000 suka yi masa ca. Mutum shida kacal suka kammala rajista a ranar farko. A gida kuma, lokacin ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, jama'a sun koma tura kuɗi ta waya, manhajojin bankuna da dama suka riƙa sarƙewa, ana cire kuɗi ba sa isa. Kamfanoni irin su OPay da Moniepoint sun samu kwastomomi da yawa a lokacin, saboda nasu tura kuɗin ya fi wucewa.

Maganin da ƙwararru suka sani ba sirri ba ne. Na farko, a rubuta kowane sharaɗin inganci da lamba. Cewa manhaja ta kasance "mai sauri" ko "mai ƙarko" ba ya ɗaure ɗan kwangila. Ko lambar ma sai an yi mata karatun ta-natsu: alƙawarin yin aiki kashi 99.9 cikin ɗari na nufin an yarda ta tsaya na kusan awa tara a shekara. Ga shafin labarai wannan ba komai ba ne, amma ga hukumar zaɓe, awa taran na iya faɗowa ranar zaɓe.

Na biyu, a gwada da nauyin gaske. Akwai manhajojin da ke kwaikwayon dubun-dubatar masu amfani a lokaci guda, a ci gaba da loda wa tsarin kaya har ya faɗi, don a san iyakarsa. Na uku, a tanadi mafita tun kafin ranar: idan babu sabis a ƙauye, na'ura ta adana hoton ta tura daga baya, kuma a fayyace wanda zai sanar da jama'a abin da ke faruwa. Shirun sa'o'i shi ke haifar da zargin maguɗi.

Duk waɗannan na cin kuɗi da lokaci, kuma wani sharaɗin na taka wani: ƙarin matakan tsaro kan rage sauri. Don haka zaɓar wanda za a fifita ba aikin injiniyoyi ba ne su kaɗai, na shugabannin hukuma ne.

Abin da ya rage wa jam'iyyu, 'yan majalisa da ƙungiyoyin sa ido shi ne su nemi INEC ta wallafa lambobin: takarda nawa shafin zai karɓa a minti guda, wa ya gwada shi, kuma yaushe za a yi atisaye a dukkan rumfuna. Ba a fafe gora ranar tafiya.