Gidan Bakin Teku A Garin Da Ba Teku

Wata sabuwar al'ada ta shigo wa masu gina gidaje a Kafanchan da kewayenta. Mutum zai tara kuɗinsa na shekara da shekaru, ko na cinikin citta ko na sallama daga aiki, sa'an nan ya kira birkila da kafinta ya nuna musu hoto a cikin waya, ya ce irin wannan yake so. Hoton kuwa sau da yawa na wani gida ne a bakin teku, a tsibirin Bali na Indunusiya, ko Zanzibar, ko tsibiran Karibiyan: bango fari fat, kujeru farare, gilashi tun daga ƙasa har sama. Ba laifi ba ne mutum ya so abu mai kyau. Abin tambaya shi ne, me ya sa waɗancan gidaje suka zama yadda suke, kuma wane ɓangare nasu ne ya dace da garin da tekun da ya fi kusa da shi yake can ɗaruruwan kilomita a kudu?

Duk wanda ya ƙura wa irin waɗannan hotuna ido zai lura cewa yawancin abin da ake gani ƙawa ne, asalinsa dabarar zama da yanayi ce. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, gishiri kuwa yana cin ƙarfe, shi ya sa ake yin kujeru da katako da saƙar itace. Danshi ba ya barin kafet ya zauna lafiya, sai aka koma ga tabarma da daɓe. Rana tana da ƙarfi, sai aka tsawaita bakin rufi, aka kewaye gida da baranda, aka ɗaga silin sama domin zafi ya tashi ya bar mutane. Tagogi kuma suna fuskantar juna, iska ta shiga ta nan ta fita ta can.

A tsohon garin Lamu na ƙasar Kenya, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, gidajen Sawahilawa na dutsen murjani ne da farar ƙasa, an ɗora rufinsu a kan itatuwan bakin ruwa. Ƙawar ɗaki ita ce ƙananan alkuki da aka sassaƙa jere a jikin bango, inda uwargida take shirya tangaran da turare, sai ƙofa mai sassaƙa, sai dakali a bakin ƙofa inda maigida yake karɓar baƙi. Bahaushen da ya san jeren amarya da zaure ba zai ji baƙunta a nan ba. A Siri Lanka ma, Geoffrey Bawa, mai zanen gine-ginen da ya rasu a 2003, wanda masu otal-otal na bakin teku suke kwaikwayon aikinsa har yau, da kayan ƙasarsu ya yi suna: jan bulo na rufi, tsakar gida a buɗe, da inuwar itatuwa.

To, a nan ne abin mamaki yake. Jinka da tabarma da gora da farar ƙasa, waɗanda attajiran Turai suke biyan kuɗi masu yawa domin su kwana a cikinsu na mako guda, su ne kayan da mutumin Kudancin Kaduna yake ɗauka alamar talauci, yake alla-alla ya rabu da su.

Alhali kuwa wannan yanki yana da tasa fasahar gini, wadda ba ta da na biyu a ƙasar nan. Ɗakin gargajiya na mutanen Ham, waɗanda aka fi sani da Jaba, a wajajen Kwoi da Nok, ba zagayayye ba ne kamar na sauran wurare. Siffar ƙwai gare shi, jinkarsa tana farawa ƙasa-ƙasa daga gaba, ta yi ta hawa har ta tsaya da tsini a baya, ga wurin zama a gaba, ga makwanci da rumbu daga ciki. Ruwan sama ba ya samun wurin tsayawa a kanta. Zbigniew Dmochowski, mutumin Folan wanda ya kafa gidan adana gine-ginen gargajiya na Jos, ya ɓata shekaru yana auna irin waɗannan gine-gine na al'ummun Nijeriya yana zana su, aka buga aikin nasa a 1990, bayan rasuwarsa. Littafin yana ɗakunan karatu na jami'o'i, ɗakunan da ya auna kuwa kullum raguwa suke yi.

Ko a cikin garin Kafanchan akwai wani malamin da ba a kula da shi. Tun da garin ya zama mahaɗar jirgin ƙasa a 1927, inda layin Fatakwal ya rabu zuwa Kaduna da Jos, aka shigo da irin ginin da Turawan mulki suke yi wa ma'aikata a ƙasashe masu zafi, wato bangalo. Ita kanta kalmar daga yankin Bengal na ƙasar Hindu ta fito, domin a can Turawan Ingila suka ga manoma suna gina ɗaki mai faffaɗan rufi, suka ara. Tsohon gidan Reluwe, ko da ya tsufa fentinsa ya koɗe, in an shiga barandarsa da azahar a watan Maris, za a ji bambancinsa da sabon gidan da ke maƙwabtaka da shi.

Me ake gani a sabon gidan? Rufi baƙi mai tsayi kamar hular sarki, amma ba shi da baki, ruwan Agusta yana dukan bango kai tsaye har fenti ya kumbura. Tagar alminiyam mai zamiya, wadda komai faɗinta rabinta kaɗai ke buɗuwa, ta maye gurbin tsohuwar luba mai falle-fallen gilashi da ke sakin iska kusan gaba ɗaya. An sauko da silin ƙasa domin a yi masa ado da fitilu masu launi. An shimfiɗa kafet bango zuwa bango, an jibge manyan kujerun leda, an rataya labule mai nauyi ninki biyu. Irin wannan falo an tsara shi ne a kan zaton na'urar sanyaya ɗaki za ta yi ta aiki dare da rana. Da zarar an ɗauke wuta, sai maigida da iyalinsa su kwashi kujerun roba su koma gindin mangwaro, su bar falon miliyoyi yana gadin kansa.

Sai dai a yi hattara, kada a ce tunda haka ne a ɗauko gidan bakin teku ɗungurungum a dasa a Kafanchan. Yanayin ba ɗaya ba ne. Mutumin Zanzibar bai san hazon hunturu ba. A nan kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura tana shiga ko'ina, dare ya yi sanyi, katakon da bai bushe sosai ba ya tsage. Daga Afrilu zuwa Oktoba kuma ruwa ne, da jar laka da yara suke kwasowa a ƙafa, da fumfuna a bayan kabad. Farar kujerar yadi da ke cikin hoto ba za ta kai sati biyu da farinta ba. Falon da ba shi da bango, irin na Bali, gayyatar sauro ne. Gara tana jiran gorar da ba a yi wa magani ba. Ita ma jinka, duk da sanyinta, tana tsoron gobarar rani, kuma tana son gyara a kai a kai, saboda haka wurinta a gidan cikin gari shi ne rumfar shan iska a tsakar gida, nesa da madafa.

Abin da ya rage bayan an tace ba kaɗan ba ne. Bakin rufi mai tsawo da baranda a gefen da rana take faɗuwa sun fi kowane labule aiki. Taga biyu masu fuskantar juna, da ragar sauro, da murfin da za a rufe in hunturu ya kama. Tayil ko daɓen siminti, a ɗora tabarmar da za a iya naɗewa a kakkaɓe. Asabari a baranda maimakon yadi. Launi kuma ba sai shuɗin teku ba: mai neman launin da zai sa a bango ya dubi dutsen Kagoro bayan ruwan farko, ko ruwan Matsirga in ya cika, ko jar ƙasar da ke ƙofar gidansa, wadda in ita ce a ƙasan bango, laka ba za ta nuna ba.

Akwai kuma batun inda kuɗin yake zuwa. Kujerun leda da kafet da fitilun ado yawancinsu daga waje ake shigo da su. Kujerar tukurwa ko ta gora, da tabarma, da faifai, da tukunyar ƙasa, hannun maƙwabci ne yake yin su, kuma in sun lalace shi zai gyara. Masu wannan sana'a tsufa suke yi, matasa kuwa ba za su gaji abin da ba a saye ba.

Wannan yanki ya taɓa ganin abin da ke faruwa in ba a san darajar abin hannu ba. Wajen 1943, wani ma'aikacin haƙar kuza a ƙasar Jama'a ya tsinci kan mutum na yumɓu, ya kafa shi a gonar doya ya zama mutum-mutumi har tsawon shekara guda, kafin labari ya kai ga Bernard Fagg. Wannan kai yana cikin abubuwan da suka sanar da duniya fasahar Nok, wadda ta haura shekara 2,000. Doka ta hana saye da sayar da na asali, amma ba ta hana maginin tukwane na yau ya ƙera nasa ya gasa ya kai kasuwa ba, kuma alkuki ɗaya a bangon falo ya ishe shi zama.